Mutumin da Aka Tura Gaba a Filin Jirgi

Ina tsakar gidana a Shinkafi ina sheƙar gero, ranar wata Alhamis da hantsi, na ji sallamar ƙanena Lawali. Ranar kasuwa ce, na ɗauka cin kasuwa ya kawo shi. Da ya shigo bai nemi ruwa ba, bai tambayi yara ba, sai ya durƙusa ya ce mini Baba ya cika bayan sallar asuba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mun san jikin ya yi nauyi tun damina, amma sanin ciwo daban, jin mutuwa daban. Kafin mota ta kai mu Ƙaura Namoda an riga an kai shi makwancinsa, na tarar da tabarmi cike da mutane har bakin titi.

Mahaifina Alhaji Garba ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, mai yi wa shanu allurar rigakafi. Ya soma aikin tun muna cikin jihar Sakkwato, aka yanke Zamfara yana kan babur ɗinsa, yana bin rugage daga Zurmi zuwa Dauran. Fulani suna kiransa Dokta, shi kuma yana dariya ya ce ko rigar likita bai taɓa sawa ba. Ni kuwa Uwata yake kirana, domin sunan mahaifiyarsa na ci, kuma har na yi aure bai taɓa kama sunana ba.

Halinsa ɗaya ne a gida da daji: ba ya ganin abu ya karkace ya wuce. In ɗan maraƙi ya sulale daga garke lokacin allura, Baba ba zai naɗe kayansa ba sai an kamo shi, ko da makiyayin ya ce a bar shi, rana ta yi. Yakan ce, "Wadda ta tsere wa allura ba tsira ta yi ba, garke ta jawo wa." Ya sha juya babur ya bi motar hatsi don kawai ya gaya wa direba igiyar kayansa ta kwance, wani ya gode, wani ya zage shi. Mahaifiyarmu, Inna, takan ce masa wata rana bakin nan nasa zai ja masa. Shi kuma sai ya ce to a bari ranar ta zo tukuna, yanzu a ba shi furarsa.

Ranar ta zo a shekarar da Allah ya kira shi aikin hajji. Lokacin Shari'a ba ta daɗe da kafuwa a jiharmu ba, kowa bakinsa gaskiya da amana, ko a tasha ka tsaya sai ka ji wa'azi. Lokacin ne kuma aka tsananta bincike a filayen jirgi na duniya, bayan abin da aka yi da jirage a Amurka. Baba ya tafi tare da aminansa biyu da muka tashi muna kira iyaye: Baba Bawa tela, da Baba Ɗahiru malamin makaranta. A zaurenmu suke cin tuwon dare tun kafin a haife ni.

Abin da ya faru, kamar yadda gari ya ba da labari, shi ne wannan. Akwai wani ma'aikaci a filin jirgin, ɗan yankinmu ne. Da aka zo kwasar maniyyatanmu sai ya yi musu kara irin ta ɗan gida: ya bi da su ta wata ƙofar gefe, ba a sa jakunkunan hannunsu a na'urar bincike ba, ba a laluba kowa ba, aka zuba su a motar da ke kai fasinja gindin jirgi. Mutane suna ta sa masa albarka. Da motar ta tsaya, sai Baba ya sauka ya nufi jami'an tsaron da ke gindin matakala, ya ce musu ba a duba su ba, ya ajiye jakarsa a gabansu ya ce a fara da tasa.

Aka mai da su duka ciki. Aka sami risho da kananzir a galan, da wuƙaƙen waɗanda suka yi niyyar yanka hadayarsu da hannunsu, da goro mai yawa na masu son yin ciniki a can. Jirgi ba ya jira, aka cika shi da mutanen wata ƙaramar hukuma ya tashi. Namu aka koma da su sansanin alhazai, suka yi kwanaki a kan tabarma cikin zafi kafin a sami wani. A wannan zaman ne wani dattijo daga Badarawa, wanda ya sayar da shanunsa don wannan tafiya, ciwo ya kama shi. Aka mai da shi gida, bai ga Ka'aba ba, bai kuma kai wata shekarar ba. Ma'aikacin nan ɗan yankinmu aka kore shi daga aiki.

Ba zan ce wannan ƙaramin abu ba ne, kuma Baba bai taɓa cewa ƙarami ne ba. Mutane suka ce me aka samu? Risho da goro, kayan da alhazai suka saba ɗauka tun kakanni. Suka ce an yi masa kara ya saka da tonon asiri, ya raba wani da abincinsa, ya raba tsoho da Arfa. Aminansa biyu kuma suka dawo suna faɗa a majalisa da bakin masallaci cewa sun riƙe masa riga, sun ce ya yi shiru, taurin kai ya hana shi ji. Wannan shaidar tasu ita ta rufe maganar, domin kowa ya san ba wanda ya fi su kusa da shi.

Na ga dawowarsa daga Makka da idona. An share zaure, an shimfiɗa tabarmi, ya jera dabino da zamzam da huluna da tasbahohi, ya sa farar riga ya zauna jiran masu barka da sauka. Sauran gidajen alhazai ba masaka tsinke. Namu, in ka cire dangi da Fulaninsa da suka zo daga daji da ƙwaryar nono, sai ɗaiɗaiku, su ma a tsaye suke gaisawa su wuce. Tsarabar nan ta yi wata a kan faranti har dabinon ya bushe, Inna ta rarraba wa yaran unguwa. Ban taɓa jin zafin wani abu a raina kamar ganinsa yana gyara zaman hulunan nan da ba wanda ya zo karɓa ba.

Da dattijon Badarawa ya rasu, Baba ya hau babur ya je ta'aziyya, duk da Inna ta roƙe shi ya bari. Ya yi sallama, 'ya'yan mamacin ba su amsa ba. Ya zauna a ƙasa gefen tabarma, ya yi addu'arsa, ya tashi. A masallacin unguwa, inda shi ke jan salla in liman ba ya nan, sai aka riƙa tura wani gaba ba tare da an ce masa komai ba. Yara suka laƙaba masa Alhaji Bincike, kuma ba yara ne suka ƙirƙiro sunan ba.

Sau ɗaya na tambaye shi ko ya yi nadama. Sai ya ce, "Uwata, jirgi ba shi da gefen hanya da za a tsaya in wuta ta tashi. Tsohon nan kuwa ina tuna shi kowace salla. Duka biyun nawa ne, ba na ajiye ɗaya." Da na ce ai ko su Baba Bawa sun hana shi, sai ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ya aike ni in duba ko ruwan alwala ya yi ɗumi. Aminan nasa ba su daina zuwa cin tuwo ba, shi ma bai daina zuba musu nama ba. Da aurena ya tashi, sai ya ba wa Baba Bawa waliccina.

Ranar sadakar uku, ina cikin ɗakin Inna tare da mata, wata tsohuwar Bafulatana ta shigo, Hajiya Dije daga wajen Dauran. Tare da su Baba ta yi hajji a waccan shekarar. Ta yi gaisuwa, ta zauna kusa da ni, muna jiyo muryar Baba Bawa daga zaure yana yabon marigayi, yana cewa ba a yi mai gaskiya kamarsa ba. Sai na ga tsohuwar ta taɓe baki. Ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, ba ra'ayinai ba ne shi kaɗai. Tura shi anka yi, da kunnena na jiya."

Ta ce a motar nan maza ne a gaba, mata a baya, ita kuma tana kujerar farko ta mata, daidai ƙeyar Baba da aminansa biyu. Warin kananzir ya cika motar. Baba Ɗahiru ne ya fara tsorata, ya ce shi bai bar 'ya'yansa don ya ƙone a sama ba. Baba Bawa ya dafa kafaɗar mahaifina ya ce, "Garba, kai ab babba, kai ka jin Turanci. Tashi ka hwaɗa musu, muna bayanka." Da jami'ai suka tambaya ko akwai wanda zai tabbatar da maganar, su biyun suka sunkuyar da kai suna jan tasbaha. Ta ce ta faɗa wa mijinta tun a lokacin, ya ce ba ruwan mace da maganar manyan gari.

Na rasa inda zan sa kaina. Na san Baba, ko ba a tura shi ba mai yiwuwa da ya yi magana, kuma da ya ɗauki abin da ya biyo baya. Amma su suka ingiza mai kantu ruwa, suka koma tudu, sannan suka rantse wa gari cewa sun hana shi shiga. Da sun ce mu uku muka ji tsoro, mu uku muka yanke shawara, da zagin ya rabu uku, da wataƙila mutane sun tsaya sun yi tunani. Waɗannan su ne mutanen da nake durƙusa wa har ƙasa, nake kai wa abinci da hannuna.

Da la'asar suka shigo cikin gida yi wa Inna gaisuwa, kamar yadda aminan mamaci ke yi. Na durƙusa na gaishe su, sannan na tambayi Baba Bawa, a gaban Inna, ko gaskiya ne su suka ce wa Baba ya tashi. Baba Ɗahiru ya dubi ƙofa. Baba Bawa ya ce, "Ɗiyata, mun same shi yana kwance, mun roƙi gahwara, ya yahe muna. Abin da ya wuce ya wuce."

Na ce to tunda haka ne, ga zaure can cike da mutane, har da babban ɗan dattijon Badarawa da ya zo don kunyar idon jama'a. Su fita su faɗa a can abin da suka faɗa a ɗaki. Baba Ɗahiru ya ce wurin makoki ba wurin tone-tone ba ne, kuma ba tarbiyya ba ce 'ya ta titsiye iyayenta. Suka shafa fatiha suka fita. Jim kaɗan na sake jiyo muryarsu a zaure, sun koma yabonsa.

Shi ya sa na rubuta wannan, ni da ban saba rubutu don jama'a ba. Gafarar da aka nema a ɗaki ta wanke su a wurinsa, amma ba ta wanke sunansa a gari ba, kuma shi yanzu ba shi da bakin da zai yi. Har shi kansa ina da ƙorafi a kansa, Allah ya yafe mini: ya bar mu muna girmama mutanen da ya san abin da suka yi masa, ya rufa musu asiri ya bar nasa a buɗe. Duk wanda ya taɓa kiransa Alhaji Bincike, ya sani ba shi kaɗai ya ji warin kananzir ba, shi kaɗai ne dai ya miƙe.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Garba, ka yalwata masa kabarinsa, ka karɓi hajjinsa da ya yi cikin ɓacin ran mutane. Ka jiƙan dattijon Badarawa, ka rubuta masa ladan aikin da ya yi niyya bai samu ba, ka sanyaya zukatan 'ya'yansa. Ka buɗa wa ma'aikacin da ya rasa aikinsa wata ƙofar abinci ta halal. Ka ba Inna haƙurin zaman takaba, ka riƙa wa Lawali nauyin gidan da ya faɗo masa, ka raya ƙannenmu a kan halin ubansu, ka ba su abokan da ba za su sunkuyar da kai ba. Aminansa biyu kuwa, Baba ya yafe musu tun yana da rai. Ni ban kai nan ba tukuna, kuma ba zan yi ƙarya a cikin addu'a ba. Allah ka kai ni inda ya kai. Amin.