Ranar da Na Kai Baba Ban-Haƙuri

Ƙanena ɗan jarida ne, ko in ce ya taɓa zama. Yana aiki a wani gidan rediyo a Dutse, ni kuma ina koyarwa a firamare. Shekarar da abin ya faru, ya je wani ƙauye a bayan Aujara, inda wani ɗan siyasar yankinmu ya buɗe rijiyar burtsatse da kiɗa da guɗa. Ya tarar famfon ko ɗigo ba ya yi. Ya naɗi muryar mutanen garin, ya sa a shirinsa. Iyakar laifinsa ke nan.

Washegari Honorabul, haka kowa ke kiransa, ya hau shafinsa na sada zumunta da kansa. Ya ce akwai 'yan jaridar da cikinsu kawai suka sani, 'yan adawa sun saye su, kuma zai yi maganinsu ɗaya bayan ɗaya. Ya haɗa da bidiyon wani famfo yana tsiyayar da ruwa. Wallahi ba famfon ba ne, ko ginin da ke bayansa daban ne, amma wa zai tsaya dubawa? Yaransa, waɗanda ake sa wa data don su yi zagi, suka ɗauka. Suka baza hoton ƙanena, suka faɗi unguwarsu, har da makarantar 'ya'yansa.

Hankalina ya tashi. Na same shi na ce ya janye maganar. Ya ce, "Yaya, in janye me? Ruwa ne babu." Na ce masa ɗan taurin kai, na ce in bai damu da kansa ba ya duba yaran nan. Da na ga ba zai ji ba, sai na shiga mota na tafi garinmu wajen Baba, ban sanar da ƙanen nawa ba.

Baba manomi ne, ƙaramar waya yake riƙewa. Abin da ya sani shi ne, in ɗanka ya saɓa da babba, kai uba ka sa babbar riga ka je ka ba da haƙuri, ko da ɗan naka ne mai gaskiya. Ba amsa laifi ba ne, kashe wuta ne, kuma kowa a garinmu ya san haka. Ya so ya fara jin ta bakin ɗansa. Ni ce na hana, na yi ta kuka ina cewa za a kulle shi, har ya tashi ya ɗauko rigarsa ta Juma'a.

Falon Honorabul cike yake da samari, kowa ya sunkuya kan wayarsa. Baba ya cire takalmi, ya durƙusa gaban mutumin da a haife ya haife shi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, yaro ne. In ya ɓata maka, ga ni na zo, a yi haƙuri." Honorabul ya miƙe da sauri ya ɗago shi, yana cewa, "Haba Baba, ai ya wuce." Na ga wani saurayi ya ɗaga waya yana ɗauka. Kai, wautata! Har murmushi na yi masa.

Ba mu kai tasha ba wata abokiyar aikina ta kira, ta ce in duba wayata. Sun yanke inda aka ɗago Baba, sun bar shi a durƙushe, hula ta karkace. A sama an rubuta wai uban ɗan jaridar ya zo da ƙafarsa ya amsa cewa ɗansa ƙarya ya yi. Baba ya ga hawayena ya ce in karanta masa. Da na gama ya ce, "Ni? Yaushe na faɗi haka?" Ya yi ta maimaitawa har muka shiga mota.

Daga nan ba wanda ya ƙara tambayar ko akwai ruwa. A gidan rediyon aka ce wa ƙanena ya ɗan huta sai ƙura ta lafa. Har yau hutawar yake. Duk wanda ya so kare shi, amsa ɗaya ake ba shi: ka fi ubansa saninsa ne?

Bayan kwana biyu ƙanena ya zo gida. Na zaci zai yi faɗa, na ma so ya yi. Ya durƙusa ya gaida Baba kamar kullum. Baba ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. Can ya ce, "Na je in kare ka, na kashe maka aiki. Ka yafe mini."

Ƙanena ya fashe da kuka, yana cewa, "Baba, don Allah ka daina." Ina zaune a bakin ƙofa, ba wanda ya kalle ni, ba wanda ya ce ni na jawo. Dattijon da ya haife mu ya iya roƙon ɗansa gafara. Ni da na kai shi falon nan, har yau ban iya buɗe baki ba.