Rumbunan Da Ke Jiran Masu Su

Ba na jin zan manta da ranar da na raka wata baƙuwa gida-gida muna duban rumbunan da ba mu da ikon buɗewa. Ina ba da labarin ne domin sababbin malaman da ake turo mana, waɗanda ke tarar da tukunya tana tafasa a bayan azuzuwa su ɗauka tun fil azal haka take.

Bayan na kammala karatu a Damagaram, na sami aikin koyarwa a wata lakwal, wato makarantar yara ƙanana, da ke gefen garin Matameye, ta wajen hanyar Tsauni. Wata ƙungiyar agaji ce ta gina ta, ita ce kuma ke ɗaukar nauyin abincin rana. Shugaban makarantar, Malam Sanusi, wanda kowa ke kira Direkta, ya ƙara mini da kula da mangaza, wato ɗakin ajiyar kayan abinci. Tsarin kuwa shi ne, ƙungiya ta kawo shinkafa da mai da gishiri, gari ya kawo hatsi, dami daga kowane gida mai yaro a makarantar. Ana kiran wannan rabon gari. Yau a dafa shinkafa, gobe a tuƙa tuwo. Kowace shekara wakilin ƙungiya yakan zo ya ga rabon gari da idonsa kafin a sabunta yarjejeniya. Idan bai gani ba, abincin ya koma wata makarantar, masu jira kuwa suna da yawa.

Mun san abin da rasa abincin zai jawo. Yaron da aka sallama da tsakar rana ya je gida ya ci, ba kasafai yake dawowa ba. Uwa ta ɗora masa talla, ko ta goya wa yarinya ƙanenta, shi ke nan karatu ya tsaya.

Bisa al'ada da kaka ake tara rabon gari, lokacin da hatsi ke shigowa daga gona. A waccan shekarar an yi canjin shugabanni a ƙungiyar, kaka ta wuce ba a san ko za a ci gaba da taimakon ba, saboda haka ba wanda aka tambaya komai. Sai a watan Janairu aka sanar da mu cewa wakiliya tana tafe a ƙarshen watan.

Direkta ya kira taron iyaye a gindin itacen bedi na makaranta. Mata suka cika wurin, sai tsofaffi maza ƙalilan a kan benci. Da ya gama bayani, shugabar ƙungiyar iyaye mata, Hajiya Rakiya, ta gyara mayafi ta ce:

"Direkta, mun ji. Hatsi kam akwai, Allah ya ba da damina. Amma duba da kyau, ka ga wani mai gida a nan, in ban da waɗannan da haƙora suka yi wa sallama?"

Wani tsoho, taubashinta, ya ɗaga sanda ya ce, "Rakiya, ko da haƙoran ba na cin tuwonki, ina tsoron karyewarsu."

Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba.

Ga wanda bai san wannan yanki ba, ga yadda abin yake. Idan an gama girbi, mai gida yakan ware wa iyali abin da za su ci, sauran ya zuba a babban rumbu, ya ɗora jinka ya ɗaure, sannan ya tafi cin rani Kano ko Ikko ko wani birnin. Wannan hatsin na damina ne, lokacin da noma ke cin ƙarfi kasuwa kuma ta yi tsada. Ba mai kwance ɗaurin sai wanda ya yi shi. Mata kan cike giɓin rani da sana'a da amfanin gamana, wato ƴar gonar da take ta mace ita kaɗai.

Na nemi izini na ce, "Hajiya, idan aka kira su ta waya suka yarda fa?"

Ta ce, "Mushe," haka ake kiran malamin makaranta a nan, "yarda ba ita ce wuya ba. Rumbun da aka buɗe da rani bakinsa ba ya rufuwa. Yau dami ɗaya na lakwal, gobe na suna, jibi na baƙo. Damina ta zo ta tarar da kara. Su sun sani, mu ma mun sani. Ɗaurin nan har mu yake karewa."

Taron ya watse ba mafita. A cikin makon wani attajiri mai son makarantar ya zo da shawara: zai aro mana buhuna mu cika mangaza ranar ziyara, washegari ya kwashe abinsa. Direkta ya yi masa godiya sosai, ya raka shi har bakin mota, sannan ya ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri. Amma ranar tuwo idan ta zo, me zan ce wa mai girki ta tuƙa?"

Ranar ziyara na buɗe mangaza da safe zuciyata ba daɗi, sai ga mata suna shigowa da ƙore a ka. Wannan wake, waccan gyaɗa, wata busasshiyar kuɓewa, wata kuka da daddawa, duk daga gamanarsu. Hajiya Rakiya ce ta shirya hakan ba tare da ta faɗa mana ba.

Wakiliyar, Madam Zainabu, mace ce marar yawan magana. Ta duba ƙoren ɗaya bayan ɗaya, ta shinshina daddawar, sannan ta ce, "Wannan ai miya ce. Ina tuwon?"

Hajiya ta ce, "Ƴata, miya tamu ce, ga ta mun kawo. Tuwon na maza ne, sun ɗaure sun tafi."

Direkta ya yi mata bayani dalla-dalla, sannan ya gabatar da roƙonsa: a bar mu mu dafa abincin ƙungiya kullum har zuwa lokacin sharar gona, idan maza suka dawo suka kwance rumbuna, hatsin gari ya riƙe yara har hutu. Yawan abincin bai canza ba, jerin ne kawai zai canza.

Ta ce, "Direkta, ba zan ce na ga abin da ban gani ba. Alkawarin wanda ba ya nan kuma, ba kai za ka ɗaukar masa ba. Ku kai ni in ga rumbunan, in ji daga bakin masu su."

Da ni aka haɗa ta, Hajiya tana gaba. A kowane gida uwargida ta nuna rumbu, Madam Zainabu ta leƙa ta tsakanin zana ta ga zangarniya, sannan a kira mai gida a saki muryar wayar kowa ya ji. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne gidan wani mai suna Iliya, mai sayar da shayi a Ikko. Matarsa Hadiza ta kira shi, hayaniyar motoci ta cika tsakar gidan.

"Hadiza, lafiya? Me ya sami yaran?"

"Lafiya lau. Ga mu dai a gindin rumbu."

"Gindin rumbu? Kin buɗe?"

"Ni da wane tsanin? Kai da ka ɗaure shi kamar mai ɗaure kura! Ga Madam ta lakwal tana son magana da kai."

Madam Zainabu ta gaishe shi ta bayyana masa buƙata. Muna jin ƙarar cokali a kofi, ya ce, "Madam, ni ban yi lakwal ba, shi ya sa nake tsaye a nan rana tana dukana. Dami ɗaya na yaran ne. Ranar da na dawo, kafin a ɗebar wa gidana sai an kai naku. Su Hajiya shaida ne." Sai ya ƙara da cewa, "Hadiza, ki matsa daga jikin rumbun nan."

Ba kowa ne ya amsa haka ba. Wani ya ce ba ya alkawari kan hatsin da bai sake dubawa ba, sai ya dawo. Wasu wayarsu ba ta shiga ba. Madam Zainabu ba ta ja da kowa ba. Da la'asar ta shiga mota ba tare da ta sa hannu a komai ba, ta ce za ta kai maganar ofis yadda ta gan ta.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mana tsawo. Shinkafar bara tana ƙarewa, mai girki kullum sai ta tambaye ni, ni kuma in kalli hanya. Wata rana da hantsi ina cikin darasi na ji yara sun ruɗe da ihu. Babbar motar ƙungiya ce ta tsaya a ƙofar mangaza, cike da buhunan shinkafa. Direkta ya fito daga ofis, ya dubi buhunan, ya zauna a kan dakali ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Alhamdu lillahi" kaɗai yake maimaitawa.

Da watan Mayu ya kama, maza suka fara dawowa, amalanke kuma ta fara tsayawa a ƙofarmu. Iliya a ka ya ɗauko nasa, ya ce in nuna masa ajin ƴarsa, ya tsaya a taga yana kallo har aka tashi. Wanda ya ƙi alkawari ma ya aiko da nasa. Akwai gidajen da ba su kawo ba, mun san dalilinsu, ba mu bi su ba. Yara sun ci tuwo har ranar hutu.

Abin da na koya shi ne, makaranta irin tamu tana rayuwa ne tsakanin lokuta biyu, na ofis da na gona, kuma aikinmu ne mu sa su gaisa. Na kuma gane cewa hannun da ya ƙi buɗewa yau ba lallai ne na marowaci ba, wani lokaci damina yake tsaro. Tun daga shekarar, ko ƙungiya ta yi magana ko ba ta yi ba, da kaka muke zagaya gidaje, tun igiya tana hannun mai gida bai ɗaure ba.