An Raɗa Suna Ina Tsakiyar Teku

Da na gaji da tuƙin haya a garin Sterling na Amurka, sai na koma sana'ata ta da, gyaran inji. Na samu aiki a jirgin ruwa mai kai motoci daga Baltimore zuwa Afirka ta Yamma. Matata na da cikin fari, amma likita ta ce da saura, har in je in dawo.

A jirgi yau kamar jiya take. Ka sauka ɗakin inji da kunnuwa a toshe, ka goge mai, ka duba bututu, ka hau ka ci shinkafa da kifi. In teku ya fusata, faranti na gudu a kan tebur kana bin sa da cokali. Alƙibla ma sai na tambayi matuƙi.

Muna tsakiyar ruwa saƙon muryar matata ya shigo, bayan ya kwana a hanya.

"Maigida, kada hankalinka ya tashi. Na sauka. Mace ce, amma bakwaini, an sa ta a kwalba."

Na haura wajen kyaftin da baƙin mai a hannuna. Ya saurare ni sosai, sannan ya nuna taga.

"Ina zan sauke ka?"

Na koma bakin aiki, don babu wani abin yi. Da an tashi sai in tsaya a lungun da waya ke ɗan kamawa, in ɗaga ta sama. Wani hoto ya buɗe rabi ya tsaya: ɗan hannu da siririn tiyo manne a jiki. Ban ga fuska ba. Maƙwabciyarmu, wata Hajiya 'yar Nijar, ita ke kai matata asibiti, ita ke dama mata kunu.

Ranar suna wani dattijon masallacinmu ya same ni a waya.

"Ɗana, wane suna za mu raɗa?"

Na faɗi sunan mahaifiyata da ƙarfi, iska na kwashe muryata, sai layin ya yanke. Na wuni ban san ko ya ji ba. Ashe ya ji.

Da na dawo har an sallame su. Matata ta tura ni na wanke hannu, ta zaunar da ni, sannan ta miƙo min jaririyar. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ƙasa na ta lilo da ni kamar ina jirgi, na ce ta tsaya kusa kada in yar da ita.