Kwana Uku Tana Roƙon Ruwa

Ban iya rubutu ba, na boko ko na ajami. Maƙwabciyarmu ce, 'yar Maraɗi mai aikin shara a wata makaranta, take rubuta wannan yadda nake faɗa. In kuka ya ci ƙarfina sai ta ajiye biro ta jira.

Ina yarinya iyayena suka zo da ni Madina. Hausa na sha a nono. Larabci kuwa a lungunan Harra ta Gabas na tsince shi, wajen sayen burodi da faɗa da 'ya'yan maƙwabta, har ya zama in na yi magana ta bayan labule ba a gane ni. Amma a ɗaki, ni da Malam, mijina, Hausa muke yi. Da aka kai shi maƙabartar Baƙi'a na koma gidan ɗana a unguwar Sih. Ɗan nawa yana jin Hausa, amma da Larabci yake amsawa, kuma yini yake a wajen aiki. Matarsa 'yar Yanbu ce, mutuniyar kirki, sai dai ko "zo" ba ta ji.

Bara, bayan an sauko daga Hajji, bakina ya karkace aka kwantar da ni a asibiti. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce ƙarama, ta sake ni, amma in ta dawo tana iya tafiya da magana.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wata tsohuwa fara, alhajiya daga ƙasar Sabiya ta Turai. Ita tata ta kama ta sosai, hannu da ƙafa ba sa motsi, ledar ƙarin ruwa na rataye a kanta. 'Yarta, mace mai kamar shekara hamsin, tana zuwa daga masauki kowace safiya, ba ta jin Larabci. Ta sunkuya ta yi wa uwar magana, uwar ta amsa da wani abu, sai 'yar ta girgiza kai tana hawaye. Na ɗauka ciwon ne ya dagula mata harshe.

Kalma ɗaya take maimaitawa. "Abba. Abba."

Haka kunnena ya ji. Na ce Allah sarki, tsohuwa kamar wannan tana kiran mahaifinta. Har na gaya wa nas ɗin da ke kula da mu, ta ce ai haka suke yi in tafiya ta matso. Sai na riƙa miƙa hannu ina shafa nata, ina yi mata Hausa, tunda ko Larabcin na yi ba ji za ta yi ba.

"Yi haƙuri, 'yar'uwa. Abba yana inda rahama take. Kowa da nasa a can, ni ma Malam na can."

"Abba," in ji ta.

"To, na ji. Allah Ya jiƙan Abba."

Tun rasuwar Malam ban yi wa kowa doguwar Hausa ba sai ita. Na ba ta labarin gidanmu na Harra, da kishin da nake yi da rediyonsa. Daɗi nake ji, Allah Ya yafe mini.

A kan akwatin gefen gadona akwai gorar Zamzam, na rataya carbina a wuyanta. Kullum idonta na can. Rana ta biyu na ce, "Carbin kike so?" Na cire na sa mata a tafin hannu na naɗe yatsunta. Sannan na buɗe gorar na sha, tana kallona.

A rana ta huɗu jagoran ayarinsu ya zo, wani dattijo da ya yi karatu a nan Madina, Larabcinsa tas. Ya saurare ta ya ce wannan ba Sabiyanci ba ne, kuma ba shirme ba ne. Shi ya sa 'yar ta kira ƙanwar uwarta a can ƙauyensu. Wata tsohuwa mai baƙin ɗankwali ta bayyana a fuskar wayar, aka kara wa maras lafiyar. Ta ce, "Abba." Sai muka ji ta cikin wayar ta ƙwala ihu tana faɗa. Jagoran ya juyo ya ce wa nas, "Moya! Ruwa take roƙo!"

Apa, haka ya faɗe ta, tsakanin fa da ba. Ruwa ke nan a harshensu.

Nas ta ce ba za ta iya haɗiya ba, za ta shaƙe, amma ana iya jiƙa mata baki. Na miƙa gorata. 'Yar ta tsoma auduga ta goga mata a leɓe. Leɓen duk ya tsage, ban lura ba sai ranar. Ta kama audugar tana tsotsa kamar jinjiri. Ni na juya bango.

Daga baya jagoran ya zauna ya warware mini. Mutanen tsohuwar suna zaune a ƙauyukan gabashin Sabiya, cikin Sabiyawa, amma harshensu irin na ƙasar Romaniya ne. A gida suke yinsa. Makaranta da ofis da coci Sabiyanci ne, da yawansu ko rubuta nasu ba su iya ba. Ita tana yarinya an yi mata dariya a aji, an ce yaren kiwon shanu take yi. Da ta musulunta ta auri wani Musulmi a gari mai nisa, ta rufe bakinta da shi, ba ta koya wa ɗa ko ɗaya ba. Yanzu ciwo ya share Sabiyancin da ta koya, ya bar mata na nono.

'Yar ta ce wani abu, ya fassara mini: "Shekara hamsin ina 'yarta, ban san yadda take cewa ruwa ba."

Daga ranar aka riƙa ajiye mata wayar a kan matashi, ƙanwar na yi mata hira tana amsawa. Bayan an sallame ni da kwana biyu ta cika.

Na tambayi likita ko haka yake ga kowa, na koyo ya tafi na nono ya tsaya. Ya ce wani lokaci, ba kullum ba. Ban ji "ba kullum ba" ɗin ba. Ita tana da ƙanwa. Ni 'yan'uwana duk sun riga ni.

Da na koma gida na kira surukata kicin.

"'Yata, ki ce ruwa."

"Luwa," ta ce tana dariya. Hala take kirana, wato inna da Larabci. "Ya hala, me ya kawo wannan? Ki ce moya mana, ga firji nan."

"In moyar ta gudu fa?"

"Ina za ta gudu? Shekara nawa kina tare da ita?"

Da ta ga ina kuka ta daina dariya. Ta ɗauko takarda ta rubuta da baƙaƙen Larabci: ruwa, zafi, bayan gida. Ta manna a ƙofar firji. Na gode mata. Amma ina za a rubuta "bayana na ƙaiƙayi", ko "juya ni alƙibla", ko "ku yafe mini"? Na roƙi ɗana ya zauna ya koya mata, ya sumbaci goshina ya ce in daina kira wa kaina ciwo. Da Larabci ya faɗa.

Yanzu kowace safiya bayan sallah ina bin kayan ɗaki da ido ina kiran sunansu da Larabci, ƙofa, taga, bargo, in tabbatar suna nan. Shekaranjiya surukata ta kawo mini shorba, romonsu na nan, ta manta abin da zan sha ta da shi. Na buɗe baki, na Larabcin bai zo ba. Na nema, na nema, babu.

Na ce, "Cokali."

Ta tsaya a bakin ƙofa. "Esh, ya hala?" Wato mene ne.

Sai na ɗaga hannu na kwatanta mata sha, ta ce "Ah!" ta tafi ta kawo. Hannun damana ne, yana ɗaguwa tukuna. Ban gaya wa ɗana ba.