Yatsu Biyu na Baffa Isiya

A shekarar da aka canza kuɗi, fam da sule suka tafi, naira da kwabo suka zo, mahaifina ya karya wa ƙanensa yatsu biyu. Ina da shekara tara a lokacin, muna zaune a Kurfi, a gidan kakarmu Dije, Allah Ya jiƙanta.

Keken ɗinki ɗaya gare su, na ƙafa, a zauren gida. Baba ne babba, Baffa Isiya na bi masa. A gaban keken akwai wani ɗan kunne da ake murɗawa don zaren sama ya yi ƙarfi ko ya saki. Wani mai gyara, mutumin kudu da ke Dutsin-Ma, ya taɓa daidaita shi, ɗinki ya fita sumul. Daga ranar Baba ya ɗaure kunnen da ƙyalle, ya rubuta da ajami a jikin teburin: kada a taɓa. A ganinsa an gama magana, keke ya san aikinsa. Baffa kuwa cewa yake kowane yadi da irin jan da yake so.

Wata Laraba aka kawo wa Baffa yadi mai shara-shara. Ya ɗora, ɗinki ya yi ta tattarewa. Ya kwance ƙyallen, ya sassauta, ya gama aikinsa, ya manta bai mayar ba. Da Baba ya zauna kan kakin 'yan makaranta, zare ya cure a ƙasa, allura ta karye. Dutsen guga na gefe, cike da garwashi. Baffa ya dafa teburin yana cewa, "Yaya, tsaya in nuna maka," sai Baba ya ɗaga dutsen ya sauke a kan hannun. Na ji ƙarar ƙashi daga tsakar gida. Da na shigo, garwashi ya watse, jini na bin kakin, naman hannun yana ƙauri. Baffa bai yi kuka ba. Ya naɗe hannun da hularsa, washegari ya hau mota zuwa Dutsin-Ma, bai dawo ba.

Baba ɗan fari ne, Kaka tana kunyarsa. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda ya zauna, balle ta yi masa faɗa. Kwana uku ba ta yi mana tatsuniya ba. Ran na huɗu bayan isha'i ta hura murhu, ta zuba gyaɗa a toka, amma ta ja tabarmarta kusa da zanar da Baba ke cin tuwo a bayanta.

"Ga wata nan ta iso," in ji ta. "Wa zai tarbe ta?"

"Mu ne, Kaka!"

Wai wani tela ne ya gaji da murɗe-murɗe, ya tafi kasuwar aljannu sayen keke. Tsohon da ke sayarwa ya nuna masa biyu. Na farko sai ka shafa yadi, ka murɗa, ka gwada a ƙyalle, ka sake murɗawa. Na biyu ba shi da kunne ko ɗaya, shi ke ja wa kansa zare, ja guda ga kowane abu. Tsohon ya ce, "Wannan ba ya tambayarka, amma fa ba ya jin maganarka." Tela ya ɗauki na biyu yana dariya.

Ya ɗinka buhu, ya ɗinka fata, ya ɗinka tanti, duk lafiya. Rannan hannun rigarsa ya shiga ƙarƙashin allura. Keke ya ja. Ya ɗinke yatsu da rigar, ya bi ta tafin hannu, ya hau damtse, allura na huda ƙashi ƙwas, ƙwas, ƙwas. Kaka tana faɗa tana fasa gyaɗa da haƙori. Tela yana ihu, "Sassauta! Sassauta!" yana lalube da ɗaya hannun, babu abin murɗawa. Keken ya kama wancan hannun ma. Ya bi kafaɗa, ya bi wuya, ya ɗinke leɓe da leɓe, sai ihu ya koma gurnani. Da gari ya waye an tarar da shi a dunƙule kamar ƙullin kaya, zare ja jawur.

Ƙanwata Hansai ta ɓoye fuska a zanen Kaka. Ni na ce, "Kaka, ba wanda ya cece shi?"

"Kai, Mamman, yana da mai ceto mana." Ta ɗaga murya fiye da yadda yara ke bukata. "Ƙane gare shi, mai hannu, wanda ya san taushi ya san tauri. Telan da kansa ya kore shi."

A bayan zana muka ji an aje kwano. Kaka ba ta rufe tatsuniyar yadda ta saba ba, ta ce mu tashi mu kwanta.

Na daɗe ina zaton labarin keke ne. Na girma na gaji sana'ar, har na ga kekuna na zamani masu daidaita zare da kansu, kuma ban ga laifinsu ba a kan yadi na yau da kullum. Sai daga baya na gane uwa ce da al'ada ta ɗaure wa baki, ta sami hanyar gaya wa ɗanta cewa ja guda gare shi, da yadi da ɗan'uwa duk ɗaya. Ya ji. Amma shekara goma sha huɗu ya ɗauka kafin ya motsa, Kaka ta rasu ba ta gani ba.

A shekarar da aka ba Katsina jiha, Baba ya yi niyyar hajji. Ya ce ba zai tsaya a Arfa da haƙƙin mutum a wuyansa ba. Na raka shi Dutsin-Ma, rumfar Baffa a kasuwa. Yatsun nan biyu sun ƙame a lanƙwashe, da uku yake riƙe almakashi. Baba ya yi sallama, ya ɗauki dutsen gugar Baffa ya miƙa masa, ya shimfiɗa hannunsa na dama a kan teburi.

"Isiya, gara nan da can."

Maƙwabtan rumfa suka taso suna ba da baki. "Haba Malam Isiya, a yafe mana!" Baffa bai dube su ba. Ya zazzage garwashin a ƙasa, ya jira ƙarfen ya huce.

"Ka tabbata, Yaya?"

"Bismillah."

Ya sauke. Na sake jin ƙarar nan, Baba ya durƙusa yana salati, gumi na zuba daga gemunsa. Ƙaramin yatsansa ya karkace.

Baffa ya yage farin ƙyalle, ya tsugunna, ya kama hannun yana ɗaurewa a hankali da yatsunsa uku.

"Biyu ka karya mini," ya ce. "Na karɓi ɗaya. Ɗayan na bar wa Innarmu, Allah Ya jiƙanta. Tashi, Yaya, mu je wurin mai ɗori."