Baƙon Iya

Duk wanda ya tare ni a hanya ya yi mini barka saboda faifan yayana, nakan ce madalla, don haka aka tarbiyyantar da ni. Amma Allah ya sani ba na son faifan nan. Na tsane shi daga waƙar farko har ta ƙarshe, na kuma fi tsanar ta uku, wadda ita ce duk Zariya take rerawa.

Mu uku ne a wurin Iya: Yaya Babba, Yaya Ƙarami, sai ni auta. Gidanmu yana cikin birni, ba nisa da Ƙofar Doka, gidan masu ɗinkin babbar riga ne tun kakanni. Babanmu ya so 'ya'yansa su riƙe allura, su kuma suka riƙe jita. Ina firamare suka haɗa ƙungiya da abokansu uku, suna kiɗan da ake kira rok, irin wanda ake ƙure lasifika har ƙirjin mutum ya riƙa amsawa. Ba su isa su taɓa ko tsirkiya ɗaya a cikin ganuwa ba. Gindin dutsen Kufena suke kwasar kayansu da janareto, su wuni suna ɓarin ƙara, awaki ne kaɗai 'yan kallo. A unguwa sunansu 'yan iska. Akwai Juma'ar da liman ya yi huɗuba a kan samari masu kiɗan Nasara, bai kama suna ba, amma rabin sahu sai da ya waiwayo ya dubi Babanmu.

Jitar Yaya Babba a ƙarƙashin gadon Iya take zama, naɗe cikin tsohon zane. Shi ya ɓoye ta a can, ita kuma ta yi shekaru tana share ɗakin tana kewaye ta da tsintsiya, ba ta taɓa nuna ta gani ba. Ɗan fari ne, Iya kuwa mutuniyar da ce, mai tsananin alkunya. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ta dama fura sai ta miƙo mini ƙwarya ta ce in gaya wa wancan ga abinsa a zaure. Ni dai na lura furar wancan ta fi ta kowa nono.

Wata safiya za su tafi wasa Jos. Iya ta yi damu da wuri, na kai zaure. Mota ta riga ta iso tana ta hon, Yaya Babba ya buɗe faifan da aka rufe ƙwaryar da shi, ya leƙa, ya ce in ajiye masa. Motar ba ta kai Jos ba. Mutum huɗu suka tsira, har da Yaya Ƙarami da karyayyen hannu, shi kuwa kafin la'asar aka kawo shi a naɗe. Iya ba ta yi kuka a gaban kowa ba, mata masu ta'aziyya suna ta yaba dauriyarta. Ni na ɗauko ƙwaryar daga zaure. Ta karɓa ta shiga da ita ɗaki, har yau ban san abin da ta yi da furar ba.

Bayan wasu watanni na fara jin ta. Tana damu, ludayi yana zagaya ƙwarya, sai murya ta fito ƙasa-ƙasa tana bin ludayin: "Baƙona ya yi sammako, bai sha furata ba." Layi ɗaya ne tak, ba gaba ba baya. Duk gidan mun san waye baƙon, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Ko Babanmu, Allah ya ji ƙansa, in ya shigo ya ji tana yi, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana gyaran takalmi har ta gama. Matar da al'ada ta hana ta kiran ɗanta yana raye, ta samo hanyar kiransa bayan ya mutu, kuma ta fi shekara talatin tana kiransa haka. Aurena bai fitar da ni daga unguwa ba, kusan kullum nakan leƙa ta, saboda haka na ji layin nan fiye da yadda na ji sunana.

Ƙungiyar ba ta mutu ba. Yaya Ƙarami ya karɓi waƙa, suka ci gaba da ihunsu a Sabon Gari da Kaduna da ɗakunan taron ɗalibai, suka yi furfura a kai, biyu suka yi sanƙo. Sun fitar da kaset-kaset da faya-fayai da ba mai saye sai wasu 'yan tsirarun masu taurin kai irinsu. Ina yi musu tsiya in ce su ne kaɗai tsofaffin da likita bai hana tsalle ba. Amma a raina ina ganin girmansu. Ko ba komai, ba su taɓa lallashin kowa don ya saurare su ba.

Sai ga wani mai haɗa sauti daga Kaduna, ya gaya musu zamani ya wuce ƙara. Aka danne ganguna, aka cire wutar jita, aka sako fiyano da sarewa, Yaya Ƙarami ya daina ihu ya koma raɗa kamar mai lallashin amarya. Faifan ya fito, gari ya ɗauka. Gidajen rediyo, masu shayi, masu keke, shagunan teloli, masu tura waƙa a waya da ke bakin Ƙofar Doka, kowa shi yake kunnawa. Wani malamin jami'a ya shiga rediyo yana cewa ai yanzu ne ƙungiyar ta mallaki hankalinta, rabin maganarsa da Turanci. Tsofaffin masoyansu suka yi fushi suka ce an koma 'yan nanaye, ba wanda ya kula su. Abin da ya fi ba ni haushi a lokacin shi ne 'yan unguwarmu. Mutanen da suka shekara talatin suna kau da kai in sun hango Yaya Ƙarami, yau su ne ke cewa Alhaji ɗan gida ne, a gabansu ya girma. Jikan limamin nan mai huɗuba, waƙar faifan ce ke tashi in an kira wayarsa.

Duk wannan da sauƙi. A cikin keke na fara jin waƙa ta uku, ina kan hanyar makarantar da nake koyarwa a Tukur-Tukur. Fiyano ya ɗan zagaya, sai muryar yayana ta shigo a sanyaye: baƙona ya yi sammako, bai sha furata ba. Kafin in ankara sai 'yan amshi mata suka karɓa da wani layi da ban taɓa ji ba: baƙona zai dawo, ran Juma'a da lefe. Matar da ke gefena ta lumshe ido tana bi, tana kaɗa kai. Na sa mai keken ya tsaya, na ƙarasa makaranta a ƙafa.

Ana tashi na wuce gidansa a Tudun Wada, ban ko cire allin da ke hannuna ba. Na tarar da shi a falo da baƙi, na jira suka fita, don ban so in zubar masa da mutunci a gabansu, ko da yake ya cancanta. Ya yi ta bayani. Wai don Yaya Babba ya yi, wai in ba a naɗe waƙar ba za ta bi Iya kabari, wai layin lefen ba nasa ba ne, mai haɗa sauti ne ya ce mutane ba sa rawa da makoki. Na bar shi ya gama.

"Ka tambaye ta?" na ce.

"Ta yaya zan tambaye ta, Auta? Kin san ba za ta amsa ba."

Wannan amsar ce ban yafe ba har yau. Ya san ba za ta ce a'a ba, don cewa a'a yana nufin ta yarda akwai baƙo, ta yarda ta san waye. Sai ya ɗauki kunyarta ya mai da ita izini. Na gaya masa ɓarawon da ya haura katanga ya fi shi mutunci, don shi aƙalla ba ya cin tuwon gidan. Ya ce in tuna shi ma a cikin motar yake, shi ma ɗan'uwansa ne. Gaskiya ne, kuma na san ya yi shekaru ba ya iya bin hanyar Jos. Amma shi yana da jita, yana da lasifika, yana da bakin kiran sunan Yaya a duk inda ya ga dama. Iya layi ɗaya gare ta.

Na yi ƙoƙarin kare ta, irin ƙoƙarin wauta. Na cire batirin rediyonta na ce ya lalace. Na yi wa duk mai waya a gidan kashedi. Sati uku abin ya yi aiki, sai maƙwabtanmu suka tashi aurar da 'ya, kuma ba yadda za a yi Iya ta ƙi zuwa yini. Muna zaune a tabarmar manya da rana tsaka, mai kiɗa ya saki waƙar. Mata suka ɗauki guɗa. Wata ta hango ta ta ce ga uwar mai waƙa, sai aka yo kanmu. Na miƙe in tare, aka ture ni da dariya. Suka kamo hannunta, tsohuwa mai jikoki da tattaɓa-kunne, suka kai ta tsakiyar fili, ƙawayen amarya suka kewaye ta suna tafi, suna rera mata a fuska cewa zai dawo ran Juma'a.

Ba ta ƙwace ba. Ta tsaya tana riƙe da bakin mayafinta, har da ɗan murmushi, don kada a ce ta ɓata wa mutane biki. Sau biyu aka maimaita waƙar. Da aka gama ta yi wa uwar amarya Allah ya sanya alheri, muka taho. A hanya magana ɗaya ta yi, ta ce shinkafar ta yi gishiri.

Ran Juma'ar da ta biyo baya Yaya Ƙarami ya zo da turamen atamfa da wani allon gilashi da aka ba su na yabo. Ya durƙusa ya ajiye a gabanta. Ta taɓa allon, ta ce Allah ya yi albarka, Allah ya ƙara rufin asiri. Ya ɗago ya dube ni, irin kallon kin gani ko. Da ba a gaban Iya muke ba, da na fasa masa allon nan a ka.

Washegari da hantsi na je na tarar tana damu. Na zauna a dokin ƙofa ina tsintar wake, kunnena yana wurinta. Ludayi yana zagayawa, ba murya. Na ce ko don ina wurin ne, na koma bayan ɗaki. Shiru. Haka aka yi kwana da kwanaki, har na kasa daurewa, na yi abin da ba wanda ya taɓa yi a gidanmu. Na ce, "Iya, kin bar waƙarki."

Ba ta ɗago ba. Ta ƙara nono, ta murje wani curin fura da bayan ludayi.

"In na ɗauko ta, ɗaya layin sai ya biyo ta," ta ce. "Ni kuwa na san ba zai dawo ba."

Wannan ne karo na farko da na ji ta yi maganarsa da bakinta, ba ta kuma sake ba. Faifan yana nan yana tashe, jiya ma na ji an ce za su kai shi ƙasar waje. Iya tana damu kullum da hantsi, ludayi kaɗai ake ji.