Wankan Yaya Asabe ta Kan Katanga

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da aka wanke Yaya Asabe ba. Ni ban yi karatu ba, jikata ce take rubuta muku wannan, na kuma ce mata in kuka ya ci ƙarfina ta jira ni.

Aikina wankan gawar mata ne a unguwarmu ta Dala. Ni da maƙwabciyata Asabe muke yi tun muna da ƙarfin ɗaukar tulu. Ita ce babba, ita take wankewa, ni ina zuba ruwa. Ba albashi, in mace ta rasu mai unguwa ya aiko, mu yafa mayafi mu tafi. A wurinmu aikin tsofaffi ne, yarinya ko leƙe ba a bari ta yi. Mun kuma yi alkawari ni da ita: duk wadda ta riga, ɗayar ce za ta wanke ta.

Shekarar korona, gari a kulle, ana cikin azumi, Allah Ya yi wa Malam mijina rasuwa. Na shiga takaba, ga tari da zazzaɓi sun kwantar da ni. Wata safiya sai na ji kuka ta bayan katanga. Ban tambaya ba, na sani.

Da hantsi mai unguwa ya yi sallama a zaure. Sai da na dafa bango na iso.

Ya ce, "Inna Mairo, sai haƙuri. Na aika duk inda na san akwai mai yi. Wata ta rasu, wata tana kwance, wata 'ya'yanta sun hana ta fita. Liman ya ce in azahar ta yi ba a samu mace ba, sai dai a yi mata taimama a kai ta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, matar da ta wanke rabin unguwar nan? Ni zan je."

Ya ce, "Kina takaba, kina tari, tsayuwa ma tana gagarar ki. Ban yarda ba."

A lokacin ƙungiyar matasan unguwa tana bin gidaje da sabulu da ɗan hatsi. Biyu daga cikinsu suna tsakar gidana, sun ji komai: Zulai mai ɗinki, da Nafisa da ke karatun aikin asibiti.

Zulai ta ce, "Inna, ki ara mana bakinki, mu ara miki hannuwanmu."

Na ce, "Ke da kike ihu in kin ga kyankyaso?"

Ta ce, "Shi tashi yake, Inna. Iya Asabe kuwa ba ta taɓa ba ni tsoro ba, sai ranar da na sace mata tsamiya."

Mai unguwa ya ce, "In iyayenku sun yarda, bismillah." Aka tambayo, suka yarda.

Tsakanin gidana da na Asabe akwai wurin da ruwan sama ya cinye katanga ta gajarce. Ta nan muke miƙa wa juna gishiri da garwashi. Nan aka ajiye mini kujera, su kuma suka kawo gawar gindin bangon ta can, suka kewaye da zannuwa. Nafisa ta sa musu safar hannu da takunkumi da rigar leda, ta hana kowa matsowa. Na miƙa musu ganyen magarya da kafur ta saman katangar.

Ba na ganin su, murya kawai. Na ce a ɗumama ruwan, a rufa mata zane kada a yaye. A fara da tsarki, a yi mata alwala, sannan dama kafin hagu. A tsefe kan, a wanke, a yi kalaba uku.

Na ce, "Zulai, kafin ki juya ta, ki gaya mata. Ba a juya mutum kamar buhu."

Ina jin ruwa yana ɗiga. Sai muryar yarinyar ta fito: "Sannu, baiwar Allah, za mu juya ki."

Ban koya mata kalmomin ba. Haka Asabe take faɗa wa kowace gawa, ashe yaran nan suna ji ta bayan ƙofa tun suna ƙanana. Na kifa goshina a katangar na yi kukan da ban samu yi wa Malam ba.

Kafin azahar an sa mata likkafanin da ta sayo da kanta a kasuwar Kurmi. Ina ji maza suka ɗauke ta.

Ku da kuke wannan aiki yanzu, abin da na koya ke nan: tausayi ake nema a cikinsa, ba furfura ba. Yarinya in ta ce za ta iya, ku matsa mata wuri.

Da yamma Zulai ta leƙo ta katangar, idonta jawur. Na ce, "'Yar nan, alkawarin Asabe ya cika. Saura ni, wa zai yi mini?"

Ta ce, "Allah Ya ja kwana, Inna. Amma in ranar ta zo, naki ruwan sai na ɗumama sosai. Na san ba kya son sanyi."